Fatsa da Raga: Tarihin Jayayyar Masu Kamun Kifi don Nishaɗi da Masuntan Gaɓa a Jihohin Tekzas da Fulorida, 1977 zuwa 1995

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a bi diddigin wata jayayya da ta ɗauki kusan shekara ashirin ana yi a gaɓar Tekun Meksiko ta ƙasar Amurka, tsakanin mutane iri biyu masu neman kifi ɗaya a ruwa ɗaya. Kashi na farko su ne masunta waɗanda su ne sana'arsu, suna shiga lungunan teku da bakin koguna da ƙananan jirage, su zuba raga, su kai abin da suka samu kasuwa. Kashi na biyu kuwa mutanen birni ne, ma'aikata da 'yan kasuwa da masu ritaya, waɗanda ke fita da fatsa ranar hutu domin jin daɗi kawai. A wurinmu, inda su sana'a ce ta gado mai sarakunanta, wannan kashi na biyu zai zama abin mamaki. Amma a can yawansu ya kai miliyoyi, kuma a bayansu akwai masu ƙera jirage da masu sayar da kayan fatsa da masu masaukin baƙi.

Abin da takardar za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, ko da yake an gudanar da jayayyar da sunan ceton kifi, ainihin abin da aka yanke hukunci a kansa shi ne wa zai mallaki kifin. Kuma yawan ƙuri'a ne ya yanke hukuncin.

Asalin Jayayyar

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abubuwa biyu suka sauya a gaɓar. Na ɗaya, jama'a ta kwararo. Fulorida, alal misali, ba ta kai mutum miliyan uku ba a 1950, amma a 1990 ta kusa miliyan goma sha uku, kuma mafi yawansu a bakin teku suka zauna. Na biyu, kayan aiki suka ƙara ƙarfi a hannun kowa. Masunci ya samu ragar leda mai zare ɗaya, wadda kifi ba ya gani a ruwa sai dai ya ji ta maƙale masa a wuya, ga ta da sauƙin ɗauka, ba ta kuma ruɓewa kamar ta auduga. Mai fatsa shi kuma ya samu ƙaramin jirgi mai inji wanda zai ja da motarsa ya kai duk inda ya ga dama. Lungunan da a da masunta kaɗai suka san hanyarsu, sai ga shi kowa na isa.

Akwai kuma batun kuɗi. Tun 1950 Gwamnatin Tarayya ta Amurka ta yi dokar da ke tara harajin kayan fatsa ta rarraba wa hukumomin kula da kifi na jihohi, aka kuma faɗaɗa ta a 1984. Ke nan wani babban kaso na kuɗin da waɗannan hukumomi ke aiki da shi daga aljihun masu fatsa yake fitowa, kuma ba sai an faɗa ba, wanda ke ciyar da kai ba ka iya toshe masa kunne.

Yaƙin Jan Kifi

Kifin da aka fara faɗa a kansa shi ne wanda mutanen wurin ke kira jan kifi, saboda launinsa na jan ƙarfe, yana da ɗigon baƙi kusa da wutsiya. Ya kamata a san yadda yake rayuwa, domin a nan ne maganar ta ta'allaka. Yana yin shekara uku ko huɗu na farko a ruwa marar zurfi na lungunan gaɓa. Idan ya balaga sai ya fita teku sosai ya shiga garken manya masu yin ƙwai, inda yakan rayu shekara talatin ko fiye. Saboda haka duk wanda ke kamun sa a gaɓa, da mai raga da mai fatsa, yaran yake kamawa tun ba su haihu ba.

A 1977 waɗansu masu fatsa su goma sha huɗu suka taru a birnin Houston suka kafa ƙungiyar da aka sani da GCCA, watau ƙungiyar kare gaɓar Tekun Meksiko. Cikin jagororinta akwai Walter Fondren, ɗan gidan attajiran man fetur. Kukansu shi ne jan kifi ya yi ƙaranci, kuma raga ce sanadi. A wannan shekara Majalisar Dokokin Tekzas ta yi dokar da ta ƙayyade yawan wanda za a kama. Ƙungiyar ba ta gamsu ba. Ta ci gaba da matsa lamba har 1981, lokacin da Gwamna Bill Clements ya sa hannu a dokar da ta haramta sayar da jan kifi da wani kifi mai ɗige-ɗige abokin zamansa, muddin a ruwan jihar aka kama su.

A lura da abin da dokar ta yi. Ba ta hana kamun kifin ba. Mai fatsa yana da damar kama rabonsa ya kai gida ya soya. Sayarwa aka hana, watau an ɗauke kifin ɗungum daga hannun wanda ke ciyar da iyali da shi, da kuma wanda ba ya da jirgi sai dai ya saya a kasuwa, aka ba wanda ke da lokaci da halin fita nishaɗi. Hujjar da aka kafa ita ce ta tattalin arziki: kifi ɗaya a bakin ƙugiya yana jawo kashe kuɗi a kan mai da masauki da abinci fiye da abin da zai kawo a kan teburin mai sayarwa. Lissafin ba ƙarya ba ne, sai dai bai tambayi aljihun wa kuɗin ke shiga ba. A 1988 jihar ta kammala aikin, ta hana irin wannan raga a ruwanta na gishiri baki ɗaya.

Ana cikin haka sai wani abu ya faru wanda ya ba masu fatsa gaskiya a idon duniya. Wani mashahurin kuku a birnin New Orleans, Paul Prudhomme, ya fito da wata dabarar gasa jan kifi: a tsoma tsokar a man shanu, a barbaɗe ta da kayan yaji, a ɗora a kaskon ƙarfe mai tsananin zafi har bayanta ya yi baƙi. Bayan fitowar littafinsa na girki a 1984, gidajen abinci a ko'ina cikin ƙasar suka shiga neman kifin. Manyan jirage masu taru suka fita can cikin teku, jirgin sama na shawagi yana nuna musu inda garken manyan yake, su zagaye shi su kwashe. A 1986 sai da Gwamnatin Tarayya ta yi dokar gaggawa, daga bisani ta rufe kamun jan kifi a ruwanta na Tekun Meksiko ga kowa da kowa. Wannan ɓarna ce ta haƙiƙa. Amma masu tarun kamfanoni ne masu jari, ba su da wata dangantaka da mutumin da ke zuba raga a bayan ƙauyensu, sai dai a bakin jama'a duk sunansu ɗaya, masu kamun kifi na sayarwa. Laifin tudu ya hau kan gangare.

Ƙuri'ar Fulorida

A Fulorida an hana sayar da jan kifi tun ƙarshen shekarun 1980, don haka faɗan ya koma kan wani kifi da ake kira malet. Wannan kifi ne na talaka, mai arha, wanda baƙaƙe da fararen ƙauyukan kudu suka daɗe suna ci soyayye ko banda. Abin sha'awa, da wuya ya ci ƙugiya, domin gansakuka da dagwalon ƙasan ruwa yake ci. To, mene ne ruwan mai fatsa da shi? Abu biyu ne. Shi ne abincin manyan kifayen da suke nema, kuma ragar da aka zuba masa takan haɗa da su. Sa'an nan daga ƙarshen shekarun 1970 kasuwar ƙwansa ta buɗe a Taiwan da Japan, farashi ya hau, har mutanen da ba su gaji su ba suka riƙa shigowa da kaka suna tare garken a daidai lokacin da zai fita yin ƙwai. Masuntan asali su ma sun yi kuka da waɗannan 'yan ci-rani.

Jihar tana da hukumar kula da kifin teku tun 1983, kuma ta fara taƙaita ranakun zuba raga. Masu fatsa suka ga tafiyar ta yi musu nawa. A ƙarƙashin jagorancin Karl Wickstrom, mai mujallar Florida Sportsman, suka bi wata hanya da tsarin mulkin jihar ya tanada, wadda ke ba jama'a damar gyara shi da kansu idan suka tara sa hannu fiye da dubu ɗari huɗu. Suka tara. A lokacin yaƙin neman ƙuri'a aka cika talabijin da hotunan kunkurun teku da dabbar dolfin a cikin raga, masunta kuwa suna ta rantsuwa cewa waɗansu hotunan ba daga ragarsu aka ɗauko su ba. Ba wanda ya saurare su. Ranar 8 ga Nuwamba 1994, kashi 72 cikin ɗari na masu ƙuri'a suka amince, dokar ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 1995. Ta haramta duk ragar da ke maƙale kifi a ruwan jihar, watau mil tara daga gaɓa ta wajen Tekun Meksiko da mil uku ta wajen Atlantika, ta kuma ce kusa da gaɓa kada wata raga ta wuce murabba'in ƙafa 500. Jihar Kalifoniya ta riga ta yi irin wannan ƙuri'a a 1990, Luwiziyana kuma majalisarta ta bi sahu a 1995.

A ganina wannan mataki na sa maganar raga cikin tsarin mulki shi ne mafi nauyi a duk tarihin. Ƙa'idar da hukuma ta yi ana iya sassauta ta baɗi idan kifi ya dawo, ko a tsananta idan ya ragu. Wadda ke cikin tsarin mulki kuwa sai an sake tara jama'ar jiha baki ɗaya, kuma iyalan da abin ya shafa kimanin dubu ɗaya da ɗari biyar ne a cikin mutum miliyan goma sha huɗu. Mafi yawan waɗanda suka jefa ƙuri'ar ba su taɓa ganin an ja raga ba.

Abin da Ya Biyo Baya

Dole a faɗi gaskiya, kifi ya ƙaru. Kamun malet ya faɗi ƙwarai, garkensa ya farfaɗo. Jan kifi ma ya dawo lungunan Tekzas, ko da yake a nan akwai hannun ƙa'idojin da aka ɗora wa masu fatsa su kansu, da kuma gidajen ƙyanƙyasa da ƙungiyarsu ta taimaka aka gina. A 2007 Shugaba George W. Bush ya ba da umarnin da ya ƙarfafa hana sayar da jan kifin da aka kama a ruwan tarayya.

Ƙauyukan masunta kowanne da yadda ta kaya masa. Gwamnati ta sayi ragogin da aka haramta, ta kuma shirya koyar da sababbin sana'o'i. A Cedar Key tsofaffin masu raga suka koma kiwon wata halittar ruwa mai ɓawo biyu dangin ƙumba, a filayen ƙarƙashin ruwa da jiha ta ba su haya, har garin ya yi suna da ita. A Cortez, ƙauyen da iyalai daga Karolina ta Arewa suka kafa a shekarun 1880, waɗansu suka koma kamun ƙaguwa, waɗansu suka riƙe ƙaramar ragar jifa, waɗansu suka bar ruwa. A wurare da dama rumfunan sayen kifi suka rufe, kuma filin bakin ruwa da suke kai ya zama wurin ajiye jiragen nishaɗi ko gidajen masu hali. Masuntan gundumar Wakulla sun yi shekaru suna shari'a a kan ƙa'idar da ta ce idon raga kada ya wuce inci biyu, suna cewa irin wannan ido ƙananan kifi yake kashewa a banza. A 2013 wata alƙaliya ta ba su gaskiya, a 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin.

Da aka kawar da raga sai aka fara ganin abin da take rufewa. A 2004 Felicia Coleman da abokan aikinta suka buga wani nazari a mujallar Science, wanda ya nuna cewa a 2002 masu fatsa don nishaɗi kashi 4 cikin ɗari kacal suka kama na dukan kifin teku da aka sauke a Amurka, amma idan aka ware nau'o'in da ake fargabar ƙarewarsu, a Tekun Meksiko rabonsu ya kai kashi 64. Ƙugiya ɗaya ba kome ba ce, miliyoyinta kuwa taru ne. Ƙungiyoyin masu fatsa sun yi wa nazarin ca, kamar yadda masunta suka yi wa alƙaluman da aka kawo a kansu shekara goma kafin nan.

Sai kuma maganar ruwan kansa. Jama'ar da ta kwararo gaɓa ta sare dazuzzukan bakin teku, ta cike fadamu, ta tura takin lambu da ƙazantar masai cikin lungunan da ƙananan kifi ke girma. A tafkin gaɓa na Indian River, a gabashin Fulorida, gansakuka ta mamaye ruwa daga 2011, ta tare hasken rana, ciyawar ƙarƙashin ruwa ta mutu a fili mai faɗin gaske. A 2021 ayu fiye da dubu ɗaya suka mutu a jihar, da yawansu a wannan tafki, kuma yunwa ce ta kashe su. A lokacin shekara ashirin da shida ke nan da haramta raga a wurin.