Gadon Igiya a Gindin Lori: Tarihin Amana a Warshoshin Gadarif

Tun ina saurayi, a zamanin da nakan wuni a ƙarƙashin lori, in magariba ta yi in wanke baƙin mai in tafi zauren malam ɗaukar karatu, wata mas'ala ta cikin Risalar Ibn Abi Zaidin ta zauna mini a zuciya, har yau kuwa da furfura ta cinye gemuna ba ta tashi ba. Mun iso babin ciniki da ijara, sai malam ya bayyana mana cewa a mazhabar Imamu Malik, asalin wanda aka danƙa wa kaya amintacce ne, ba a ɗora masa lamuni in kayan sun salwanta ba da sakacinsa ba. Amma an togace masu sana'a waɗanda suka kafa kansu domin yi wa jama'a aiki, irin su maɗinki da marini da maƙeri, gama su in suka karɓi abin mutum suka faku da shi daga idonsa, to, lamuninsa yana wuyansu, sai fa in shaida ta tabbatar ya halaka ba da laifinsu ba. Dalili kuwa maslaha ce, tun da jama'a ba su wadatuwa ga barin masu sana'a, ba su kuma iya ganin abin da ake yi a bayansu. Malam ya ɗaga kai ya dube ni, ya ce, "Kai ɗana, wannan babin naka ne, ka riƙe shi da kyau." Na riƙe, kuma da na waiwayi shekarun da na yi a wannan sana'a, sai na ga tarihinta duka yana cikin kalma guda, watau fakuwa: iyakar nisan idon mai mota da hannun mai gyara, iyakar raunin amana a tsakaninsu.

Kakanninmu dai ba su zo ƙasar nan ta Sudan da sufana a hannu ba. Waɗansu alhazai ne da guzuri ya ƙare musu a hanyar Makka, waɗansu kuwa sun biyo hijirar Sarkin Musulmi Attahiru, wanda aka kashe a Burmi a 1903, ɗansa Mai Wurno ya ƙaraso da sauran jama'a ya kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Da fartanya da lauje suka shiga wannan baƙar laka ta Gadarif, wadda ba ta buƙatar kome sai ruwan sama ta ba da dawa da riɗi. Jirgin ƙasa ya iso garin daga Kasala a 1928, amma abin da ya haifi sana'armu na haƙiƙa ya zo ne wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1944 da 1945, sa'ad da Turawan Ingila suka fara noman dawa da injuna a Gadambaliya, yamma da gari, domin ciyar da sojojinsu. Kafin samun mulkin kai a 1956 an riga an fara ba 'yan kasuwa filaye, kowane mashru'i, watau gona guda, fadan 1,000, fadan kuwa eka ce da ɗan ɗoriya. A 1968 aka kafa hukumar noman injuna da taimakon Bankin Duniya, gonaki suka yi ta faɗaɗa kudu har wajen Simsim. Tarakta, wadda mu a nan muke ce wa babur, abin da zai ba mutumin Kano dariya, ita ke jan diski a gona, lori kuma shi ke kwaso buhuna zuwa kasuwar amfanin gona da babban rumbun hatsi na garin. Duk inda ƙarfe ya yi yawa kuwa, lalle ne maƙeri ya biyo shi, sai 'ya'yan manoma da na maƙera suka shiga Mantiga, unguwar masu sana'a, suka durƙusa gaban ustoci, watau gwanayen sana'a, suna koyo.

Wanda bai san yanayin ƙasar nan ba ba zai gane nauyin alkawarin bakanike a cikinta ba. Ana shuka ne a cikin 'yan makonni bayan ruwa ya zauna, wajen watan Yuli, in kuwa laka ta jiƙe sosai babu injin da zai shiga; riɗi kuma in ya nuna ba ya jiran kowa, kwanaki kaɗan ya fashe ya zube a ƙasa. Saboda haka ustan da ya ce wa manomi "gobe" alhali ya san jibi ma ba za ta yiwu ba, ba kwana biyu ya cinye masa ba, shekara guda ya cinye masa, da abincin iyalinsa da bashin da ya ciwo.

Ni na shiga warsha, watau abin da ake ce wa gareji a ƙasar Hausa, a shekarun da Sinawa ke shimfiɗa kwalta tsakanin Wad Madani da Gadarif, aikin da aka gama a 1977. Sarauniyar hanya a lokacin ita ce Bedford ɗin nan mai dogon hanci, ƙirar TJ, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1958, mutanen Sudan suka laƙaba mata suna Sifinja, sunan silifan roba, saboda taushin tafiyarta. Ba a taɓa barinta yadda ta zo ba. Akan wargaza ta har ƙusa ta ƙarshe, a ƙarfafa shasi da ƙarin ƙarfe, a ƙara ganyayen sifirin, a sa manyan tayoyi da ƙarin tankin mai, a ƙera mata bodi na ƙarfe, sa'an nan a yi mata ado kamar amarya, har ta ɗauki kayan da suka zarce abin da masu ƙirarta suka ƙayyade nesa ba kusa ba. Ustocin Shandi da Wad Madani da Ubayyid sun yi suna a wannan fanni, har wani masani Bajamushe, Kurt Beck, ya yi shekaru yana nazarin aikinsu.

Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne yadda ake yin aikin. In an kawo lori garambawul, abin da muke kira amra, direba da yaron motarsa ba su tafiya ko'ina. Akan fito musu da angarib, gadon igiya, a ajiye a inuwar motar, nan za su ci, nan za su sha shayi, nan yaron zai kwana har ranar da za a tayar da injin. Yaron mota shi ke wanke fistan da hannunsa, direba kuwa shi ke raka usta wurin mai lesi da kantin kayan gyara, a yi ciniki a gabansa, tsohon abin da aka cire a zuba masa a buhu ya kai wa maigidansa. Ba a rubuta kome, ba domin mutanen wancan zamani waliyyai ne ba, a'a, domin babu abin da ya faku balle a nemi hujja a kansa. Na tuna ranar da na ɗauki wani tsohon ƙarfe da aka cire na sa a aljihu, ina nufin in sayar in sayi wake da burodi. Ustana bai dake ni ba. Sai ya kira direban, ya ce mini, "Ɗana, miƙa wa kawunka abinsa, ka faɗa masa da bakinka inda ka ajiye shi." Na gwammace bulala ɗari da wannan kunya.

Abubuwa uku suka taru suka ɗauke wannan gado daga gindin lori. Na farko, bayan tashin farashin man fetur a 1973, ƙasashen Larabawa na gabas suka buɗe ƙofa, gwanayen ustoci suka haye Bahar Maliya zuwa Jidda da Riyad, suka bar warshoshi a hannun almajiran da ba su sauke karatu ba; da ma kuwa rabin ha'incin da ake yi a sana'a jahilci ne da aka ji kunyar bayyanawa. Na biyu, kuɗin ƙasashen waje ya yi ƙaranci, aka karya darajar fam a 1978, sa'an nan kamfanin Bedford ya daina ƙera manyan motoci a 1986, Amurka kuma ta ƙaƙaba takunkumi a 1997 wanda ba a ɗage ba sai 2017. Kayan gyara na asali suka zama kamar zinariya, kasuwar tashli'i, inda ake yanka matacciyar mota a sayar da gaɓoɓinta, ta bunƙasa, har ya zama kowace lori da ke kwance a warsha kanti ce a idon marar tsoron Allah. Na uku, masu motoci suka yi nisa. Da yawansu suna Khartum ko Saudiyya, suna aiko kuɗi, daga baya ma ta waya, suna karɓar hoto a madadin gani.

Adalci ya wajabta in faɗi abin da na waje ba su sani ba, cewa yawancin ustocin da suka ci amana ba da niyyar sata suka fara ba. Mutum zai karɓi kafin alƙalami a kan jingar da aka yanke, kafin ya gama haɗa kaya tsada ta ninka, musamman bayan ɓallewar Sudan ta Kudu a 2011. Sai ya ɗauki kuɗin na biyu ya ƙarasa aikin na farko, ya ari famfon man na uku ya sa wa na biyu da niyyar mayarwa, har ranar da zai duba filinsa ya ga motoci goma, babu mai lafiya ko guda, babu kuma kuɗin kowa a hannunsa. Wannan bayani ne, ba uzuri ba, gama kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Irin wannan ce ta faɗa wa ɗan yayata, wanda ke aiki a Jidda. Mahaifinsa ya rasu ya bar Sifinja guda da ta ciyar da gidan shekara da shekaru, yaron ya ƙudura ya raya ta, ba don riba kaɗai ba, har don tunawa. Ya ba wata warsha da ba zan ambata ba, ya biya fiye da rabin jinga tun farko, wata bayan wata ana aiko masa hoton kan mota yana ƙyalli da sabon fenti, kowane hoto da buƙatar ƙari a bayansa. Da abin ya ishe shi ya kira ni, ya ce, "Kawu, don Allah ka je ka gano mini." Na tafi da maganaɗisu a aljihu da takardun motar. Na ɗora maganaɗisun a ƙofa ya faɗo ƙasa, alamar ƙullun ciko aka shafe tsatsa da shi maimakon a yanke a yi walda. Na buɗe bonet na tarar lambar injin ba ita ce ta takarda ba, famfon mai kuwa babu shi ɗungum.

Ban ɗaga murya ba, kuma ina yi wa duk wanda ya sami kansa a irin wannan hali nasiha kada ya ɗaga, domin dukiyarsa tana cikin gidan abokin husumarsa, dare ɗaya kuma ya isa a ƙarasa kwashe ta. Na yi sallama na koma. Washegari na dawo da dattawa biyu na Mantiga waɗanda shi kansa ustan ba ya iya haɗa ido da su, muka zauna irin zaman sulhun da mutanen Sudan ke kira judiyya. Aka ƙirga abin da ke jikin motar aka rubuta, aka ƙirga abin da aka biya, aka tambaye shi ina injin. Ya yi rantsuwa, ya kawo tsadar kaya, daga bisani ya sunkuyar da kai ya ce yana cikin wata motar da ta tafi garin Duka. Ya roƙi wata guda da ɗan ƙarin kuɗi ya gama kome. Nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami na biyu, don suna jin ciwon abin da suka riga suka kashe. Na ce masa, "Usta, mun yafe maka ƙarasawa, ba mu yafe maka injin ba." A ranar muka ɗaura wa motar sarƙa, babur ya ja ta zuwa filina. Injin ya dawo bayan mako uku, famfon ya biya shi kashi-kashi a gaban dattawan, wani ɓangare na kuɗin kuwa har yau yana wuyansa zuwa ranar hisabi. Da ya ƙi, da takardar nan mai sa hannun shaidu biyu ita za mu ɗauka zuwa gaban alƙali, kuma ya san haka.

Daga wannan na tsayar wa kaina ƙa'idar da nake gaya wa kowa: a rubuta lambar injin da ta shasi da manyan gaɓoɓi ranar da mota ta shiga, a buga musu alama da kurfi, a yanke jinga da ajali sananne domin jahilci a cikin ijara garari ne da ke ɓata ta, a biya mataki-mataki bayan gani, mai mota ya sayi kayansa da kansa, a mayar masa da tsoffin. Bukatar haka ta ƙaru tun da yaƙi ya ɓarke a 15 ga Afrilu 2023, Wad Madani ta faɗi a Disamba na shekarar, jama'a suka kwararo Gadarif da motocinsu da ustocinsu, aka daina sanin asalin mutum balle asalin ƙarfen da yake sayarwa.

Amma duk waɗannan takardu da lambobi, in an duba, ƙoƙari ne kawai na mayar da abin da gadon igiya ke yi a kyauta. Shi ya sa har yau akwai angarib guda a jingine a bangon warshata. In mutum ya kawo mota ya miƙo mini makulli ya ce, "Baba Usta, na amince da kai, sai na dawo," nakan sa yaro ya sauke gadon ya ajiye a inuwarta, in ce masa ya zauna, in kuwa ba shi da hali ya aiko ɗansa ko ƙanensa. Waɗansu sukan ji kamar na ƙi karɓar girmamawarsu. Ni kuwa na san abin da malam ya karantar da ni: da zarar ya juya baya, lamuni ya hau wuyana ni kaɗai, ga tsada, ga yara masu koyo, ga zuciya mai umurni da mugun aiki, kuma ban fi ustan nan da muka ja mota daga filinsa ƙarfin imani da zan yi alfahari ba.