Sana'ar da ta taso a kan injin aro

Ɗalibin da ke yini a ɗakin bincike lokacin dogon hutu, ya kwana yana haɗa wasan kwamfuta, kada ya ɗauka shi ya fara wannan raba ƙafa. Sana'ar ma a haka ta taso, a kan injin wasu, bayan masu injin sun tafi barci.

A 1961 kamfanin DEC ya ba jami'ar MIT da ke Amurka kyautar kwamfuta ƙirar PDP-1, wadda kuɗinta ya kai dala 120,000. Don bincike aka kawo ta. Wasu matasa kuwa suka ƙudura sai sun ga jirage biyu suna harbin juna a fuskarta. Steve Russell ya ce zai rubuta wasan, sai ya yi ta jan ƙafa, wai ba shi da lissafin da zai riƙa juya jiragen. Alan Kotok, wanda ɗalibi ne a lokacin, ya samo lissafin daga DEC ya dire masa a gaba. Uzuri ya ƙare. Farkon 1962 wasan, mai suna Spacewar!, ya fara aiki.

Abin da ya biyo baya shi ya fi burge ni. Peter Samson ya ga taurarin da ke bayan jiragen an watsa su ne barkatai, abin ya ci masa tuwo a ƙwarya, ya ɗauko littafin taurari ya dasa kowanne a muhallinsa na gaskiya. Dan Edwards ya sa tauraro a tsakiya mai fizgo duk jirgin da ya yi sake. Maɓallan jikin injin suna gajiyar da hannu, sai Kotok da Bob Saunders suka harhaɗa akwatunan riƙewa daga tarkacen waya da katako. Wanda ya iya lissafin fizgar tauraro a ƙwaƙwalwar inji ƙarama haka, ban ga malamin da zai ce masa ya ɓata lokaci ba. Sai dai ko sisi ba su samu ba. A kan zaren takarda mai huji ake kwafar wasan, duk mai so ya ɗauka.

Wanda ya hango kuɗi shi ne Nolan Bushnell. Yana karatun injiniyan lantarki a Jami'ar Utah yana kuma aiki a filin shaƙatawa na Lagoon, inda ya koyi yadda ake raba mutum da canjin aljihunsa yana dariya. Shi da Ted Dabney suka fitar da wasan Computer Space a 1971, bai karɓu sosai ba, ya yi wa 'yan mashaya wuya. A 1972 suka kafa kamfanin Atari, aka ba Allan Alcorn aikin gwaji, wasan Pong ya fito. Da aka kira Alcorn cewa injin da suka ajiye a wata mashaya ya lalace, ya buɗe ya tarar kuɗi ne suka cika akwatin suka toshe shi.

A Mosko ma a kan injin wasu aka yi. Alexey Pajitnov yana aikin bincike a cibiyar kwamfuta ta gwamnatin Tarayyar Sobiyet ya ƙirƙiro wasan Tetris a kan kwamfutar Electronika 60, wani yaro ɗan shekara 16, Vadim Gerasimov, ya mayar da shi kan kwamfutar IBM. Tun da injin na hukuma ne, wasan ma na hukuma ya zama. Sai 1996 Pajitnov ya fara cin gumin kansa.

Daga baya makarantu suka daina yi wa abin kallon shiririta. A 2005 wasu ɗaliban makarantar DigiPen suka nuna wa kamfanin Valve aikinsu na kammala karatu, wasan Narbacular Drop. Valve ya ɗauke su aiki gaba ɗayansu, kuma daga hannunsu wasan Portal ya fito a 2007.