Tawayen Bahiya na 1835: Jihadin Sakkwato Ne Ya Tsallaka Teku?

A daren 24 ga Janairu 1835, cikin goman ƙarshe na azumi, bayi da 'yantattu 'yan Afirka kusan 600 suka fito titunan Salvador, babban birnin Bahiya a Birazil, sanye da fararen riguna, layu rataye a wuya. Wata 'yantacciya, Guilhermina Rosa de Souza, ta riga ta tsegunta wa hukuma, don haka aka far musu kafin su gama shiri. Sun yi yunƙurin fasa kurkuku su fito da malaminsu, Pacífico Licutan, wanda aka tsare saboda bashin da ake bin ubangidansa, ba su samu nasara ba. Kafin gari ya waye dakarun doki sun tarwatsa su a Água de Meninos, aka kashe kimanin 70.

Tun zamanin Nina Rodrigues, likitan Bahiya da ya yi nazarin 'yan Afirkan garin a ƙarshen ƙarni na 19, ake ta maimaita cewa wannan tawaye ci gaban jihadin Shehu Usmanu ne. Magana ce mai daɗin ji a kunnen Bahaushe, kuma tana da ƙafar tsayawa: yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan soma jihadin a 1804 sun cika jiragen bayi da kamammu daga ƙasar Hausa, Borno da Nufe, 'yan sanda kuwa sun kwashe alluna da takardun Larabci a gidajen waɗanda aka kama.

Ni dai ina ganin an gwama abubuwa biyu. Zamanin Hausawa a Bahiya ya riga 1835. Su ne suka ƙulla makircin 1807 da gwamna Conde da Ponte ya bankaɗo, su ne kuma kan gaba a Fabrairun 1814 lokacin da aka ƙone wuraren kamun kifi a kusa da Itapuã. Zuwa 1835 Yarabawa, waɗanda ake kira Nagô a can, sun rinjaye su, domin rugujewar daular Oyo ta sauya irin mutanen da ake lodawa a bakin teku. Ko sunan da aka ba 'yan tawayen, Malê, daga imale ya fito, wato Musulmi da Yarabanci. Masanin tarihi João José Reis, da ya bi takardun shari'ar ɗaya bayan ɗaya, ya nuna Hausawa 'yan kaɗan ne cikin waɗanda aka tuhuma. Fitacce a cikin Hausawan shi ne Dandará, 'yantaccen mai sayar da taba da ke karantar da almajirai.

Akwai kuma abin da masu ra'ayin jihadi ke tsallakewa. Ba duk Bahaushen da ya isa Bahiya ne mujahidi ba. Yaƙi yana kama mutum ta kowane ɓangare, kuma da yawa daga cikinsu a rundunar sarakunan Haɓe suke lokacin da aka kama su. A Bahiya aka haɗa su gona ɗaya, ƙarƙashin bulala ɗaya. Musuluncin da suka raya a ɗakunan haya, da makarantar allo a ɓoye da karo-karon kuɗin fansar kai, amsa ce ga bautar Birazil. Ba tutar da aka karɓo daga Sakkwato ba ce.

Bayan an harbe mutum huɗu cikin 'yan tawayen ranar 14 ga Mayu 1835, hukuma ta shiga korar 'yantattu, wasu kuma suka biya kuɗin jirgi da kansu. Suka sauka Legas, Wida da Porto-Novo, inda aka kira su Aguda, da Akara, inda aka kira su Tabom, daga gaisuwarsu ta harshen Fotugal. Sun bar Afirka da sunayen ƙabilunsu, sun dawo ana ce musu 'yan Birazil, har babban masallacin Porto-Novo ma an gina shi da fasalin majami'un Salvador.