Daga Inbata Zuwa Direba: Tarihin Matsalar Hasken Allon Laftof

Yaron da ya shigo sana'ar gyaran laftof a 'yan shekarun nan, in ka ce ya miƙo maka inbata, hankalinsa zai tafi kan wadda ake haɗawa da sola a gida. Mu da muka fara aikin a zamanin Windows XP, lokacin da tokumbon Dell Latitude da ThinkPad da Compaq suka cika shagunan Beirut Road a Kano, wata aba daban muka sani da wannan suna: ɗan siririn bod ne da ke kwance a ƙasan allo, bayan robar da ke ɗauke da sunan kamfani. In aka kawo laftof aka ce haske ya ɗauke, wurinsa hannu yake fara zuwa.

Allon LCD ba ya haske da kansa, sai an haska shi ta baya. A wancan zamani fitilar gilashi ce mai suna CCFL take wannan aiki, kaurinta kamar milimita biyu, da ɗan zaiba a cikinta. Ba ta kamawa da wutar batir, don haka inbata ke karɓar wutar da ba ta kai bolt 20 ba ta ɗaga ta zuwa ɗaruruwan bolt. Duk wanda ya taɓa kai yatsa wurin tana aiki, ba sai an sake yi masa gargaɗi ba. Alamomin ciwon kuwa a fili suke. Ka kunna, allo ya fara da ja-ja kafin ya yi fari: fitila ta tsufa. Ya haska na daƙiƙa biyu ya mutu: ko inbata ko fitila. Ya yi baƙi ƙirin amma ka dallara tocila ka hango hoto dishi-dishi: allon lafiyarsa ƙalau, hasken baya ne babu. Wani lokaci ma ba ko ɗaya daga cikinsu, ɗan tsinken nan ne da murfi ke dannawa in an rufe, ƙurar hunturu ta maƙale shi a ƙasa, inji yana zaton a rufe yake. Allura da buroshi sun gama aikin. Canjin fitilar kanta shi ne gwajin gwani, domin sai ka kwance allon, ka zare ta, ka yi soda a bakinta biyu, kuma ko ƙaramin lanƙwasa ta karye.

Ƙara haske da rage shi bai cika ba mu wahala ba a lokacin. Tsofaffin injinan shekarun 1990 ma da ɗan abin turawa suke zuwa a gefen allo, ka tura sama ka tura ƙasa. Da aka koma maɓallin Fn, kowane kamfani ya zaɓi nasa: ThinkPad Fn da Home ko End, Dell Fn da kibiyar sama ko ta ƙasa. Saƙon yana zuwa ga ƙaramin cif da ke kula da kibod da fanka da caji, wanda muke kira IO a shago, shi kuma ya gaya wa inbata. A injina da yawa ko Windows babu, maɓallan suna aiki.

Tun 1996 Intel da Microsoft da Toshiba suka fito da tsarin ACPI, wanda ya ɗauke ragamar sarrafa wuta daga BIOS ya miƙa wa manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Sannu a hankali haske ya bi sahu, kuma kowane kamfani ya rubuta 'yar manhajarsa mai sauraron maɓallan: HP na da Quick Launch Buttons, Dell na da QuickSet, Asus na da ATK, Samsung na da Easy Display Manager. A nan ne aka fara kawo mana wani sabon ciwo. Mutum ya kai an yi masa fomat, Windows ta dawo tas, sauti yana fita, amma Fn ya mutu. Babu abin da ya ƙone; wanda ya yi fomat ɗin ne bai mayar da manhajar ba. VAIO ta fi kowa fitina, domin manhajojinta sai an jera su bi da bi, wannan kafin wancan. Intanet kuwa a kafe take, ga tsada, shi ya sa kowane oga yake da faifan direbobi da yake ɓoyo kamar takardar fili.

Sai LED ta zo. A 2007 Apple ta sa ta a MacBook Pro mai inci 15, a 2008 Dell ta sanar za ta mayar da laftof ɗinta gaba ɗaya kan LED, cikin 'yan shekaru kowa ya bi. Inbata ta ɓace, da'irar hasken ta koma jikin allon. Rage haske ya zama kunnawa da kashewa da saurin da ido ba ya kamawa, abin da ake kira PWM, kuma umarnin yana tafiya ta siririyar waya guda a cikin fleks, igiyar da ke bi ta hinji. Wayar nan in ta tsinke saboda buɗewa da rufewa, haske yakan tsaya wuri ɗaya ko ya ɗauke. Mun kuma koyi sabuwar doka: ba a cire fleks ko a mayar da shi batir na ciki, in ba haka ba fis ɗin haske da ke kan bod ya tafi. Da allunan CCFL suka yi wuya a kasuwa, an yi yayin wata igiya mai haɗa allon LED da tsohon inji. Hoto yana fitowa, amma sau da yawa hasken ba ya raguwa ba ya ƙaruwa, abin da ba kowane mai shago ke faɗa wa mai kaya ba.

Babban sauyi shi ne Windows 8 a 2012, wadda ta ɗora aikin a wuyan direban hoto, na Intel ko AMD ko Nvidia. Masu Linux sun ɗanɗana kuɗarsu, don kamfanoni sun rage kula da tsohuwar hanyar ACPI, har rubuta acpi_backlight=vendor wajen tayar da inji ya zama karatun kowa. Mu namu ya zo da Windows 10 a 2015, da aka riƙa ɗora ta kan injinan da aka ƙera don Windows 7. In babu direban da ya dace, sai ta saka nata na wucin gadi, Microsoft Basic Display Adapter, wanda ke nuna hoto amma ba ya taɓa haske. Ga kuma direban allo mai suna Generic PnP Monitor da ake tararwa a kashe, ko wata manhajar shiga kwamfuta daga nesa ta maye gurbinsa da nata. A ƙasar da wuta ke da tabbas wannan ƙaramin abin haushi ne. A wurinmu allo na cikin manyan masu shan batir, ɗalibin da haskensa ya maƙale a ƙarshe bai gama aikinsa ba inji zai mutu.

Abin da ke ba ni takaici shi ne har yanzu akwai masu gyara da tunanin zamanin inbata a kansu, da an ce haske sai su ɗauko sukuddireba. Na sha ganin laftof da aka canza wa allo da kuɗi masu yawa alhali Fn Lock ne aka danna, wanda Fn da Esc ke warwarewa a yawancin Dell da Lenovo, ko Action Keys Mode ne aka juya a BIOS ɗin HP. Wani lokaci ma sabon allon ne ke kawo matsalar, domin wasu injina ba sa sarrafa hasken allon da ba su gane lambarsa ba. Ƙa'idata ita ce: allon da ya yi duhu, tocila ta nuna hoto, aikin mita ne, a auna fis da fleks. Allon da ke da haske amma ya ƙi motsi, a fara da Device Manager, a ga sunan direban hoto, a ɗauko na kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, a duba ko hasken atomatik ne ke wasa da shi. Sai duk wannan ya gaza ake kwance noti.

Kai kuma mai laftof, in za ka kawo ta, faɗi abin da aka yi mata na ƙarshe, fomat ne ko sabunta Windows ko faɗuwa ta yi. Kada ka yarda a yi maka kuɗin allo sai an nuna maka sunan direban da ke kanta.