Gadon Call of Duty: shin Modern Warfare na 2019 ya gaji ubansa?

A ranar 25 ga Oktoba 2019 kamfanin Activision ya fitar da wasan bidiyo na yaƙi mai suna Call of Duty: Modern Warfare. Sunan ba sabo ba ne, domin kusan shi ne sunan wasan da ya fito a 2007, wanda masu sharhi da yawa ke ɗauka a matsayin mafi tasiri a jerin. Cikin kwana uku kamfanin ya sanar da cinikin da ya haura dala miliyan 600. Duk da haka, kafin mako ya zagayo muhawara ta ɓarke a kan ko sabon wasan ya cancanci sunan da ya ara. Hausawa kan ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Kafin a yanke hukunci, sai an san abin da uban ya bari.

Asalin labarin yana hannun mai shirya fim Steven Spielberg. Bayan fim ɗinsa Saving Private Ryan na 1998, ya jagoranci ƙirƙirar wasan Medal of Honor, wanda ya fito a 1999 a kan na'urar PlayStation, da nufin kusantar da matasa ga tarihin Yaƙin Duniya na Biyu. A farkon 2002 wani ƙaramin kamfani a birnin Tulsa na jihar Oklahoma ya yi wa jerin sabon kashi mai suna Allied Assault, inda mai wasa ke sauka a gaɓar tekun Normandi ta Faransa cikin ruwan harsasai, kamar yadda dakarun ƙawance suka yi a ranar 6 ga Yuni 1944. Wasan ya karɓu, amma da yawa daga waɗanda suka gina shi suka bar kamfanin suka kafa nasu, Infinity Ward, da goyon bayan Activision. Cikin jagororinsu akwai Vince Zampella, Jason West da Grant Collier.

Wasansu na farko, Call of Duty, ya fito a Oktoban 2003, ya kuma zo da ra'ayi na daban. A Medal of Honor na farko, jarumi guda ne ke kutsawa bayan layin abokan gaba. A Call of Duty kuwa, mai wasa soja ne ɗaya cikin rundunar da ke faɗuwa a gefensa, kuma yana ganin yaƙin ta idon Ba'amurke, da Baturen Ingila, da sojan Tarayyar Sobiyet. A sashen Stalingrad ana tsallakar da shi kogin Volga, a miƙa masa harsasai ba tare da bindiga ba. Tun daga nan jerin ya kafa al'adarsa ta nuna wa mai wasa ƙanƙantarsa a gaban yaƙi.

Wasan 2007, wato Call of Duty 4: Modern Warfare, ya ɗauko wannan al'ada ya kawo ta zamanin yaƙin Iraƙi. Tun a farkonsa ana sanya mai wasa cikin jikin wani hamɓararren shugaban ƙasa, ana jan sa a mota ta titunan birni zuwa inda za a harbe shi, ba shi da ikon komai sai juya kai. A tsakiyar labarin, Saje Paul Jackson na sojan Amurka da tawagarsa sun tsaya ceto wata matuƙiyar jirgi da aka kakkaɓo, sai makamin nukiliya ya fashe. Mai wasa ya rarrafo daga tarkacen jirgi, ya yi 'yan taku, ya mutu. A wani sashen kuma yana zaune cikin jirgin yaƙi samfurin AC-130, yana kallon mutane kamar ɗigon fari a allo, yayin da abokan aikinsa ke magana cikin natsuwa kamar masu lissafin kaya. Wasan bai yi wa'azi ba, amma ya bar mai wasa da rashin jin daɗi game da ƙarfin ɓangaren da yake yaƙi dominsa.

Gado na biyu na wasan 2007 yana fagen karawa ta intanet. Shi ya yaɗa tsarin tara maki domin buɗe sababbin makamai, da ladar kisa a jere: uku su kawo jirgin leƙen asiri, biyar su kawo harin sama, bakwai su kawo jirgi mai saukar ungulu. Kusan duk wasannin harbi da suka biyo baya sun kwaikwayi wannan tsari, kuma daga gare shi ne kuɗin jerin ya riƙa kwarara.

Nasarar ta zo da rikici. Bayan Modern Warfare 2 na 2009, Activision ya sallami West da Zampella a Maris 2010, suka tafi suka kafa Respawn Entertainment, ma'aikata da dama suka bi su. Jerin ya ci gaba da fita kowace shekara, kamfanoni uku na karɓa-karɓa: Infinity Ward, Treyarch da Sledgehammer Games. Labaran suka yi ta nisa da ƙasa, har Infinite Warfare na 2016 ya kai yaƙin sararin samaniya, tallarsa kuma ta shiga cikin bidiyon da aka fi nuna wa ƙiyayya a YouTube a lokacin. A 2018 Black Ops 4 ya fito ba tare da labarin da mutum zai bi shi kaɗai ba. Saboda haka dawo da sunan Modern Warfare a 2019 alƙawari ne na komawa tushe.

Ta fuskar sana'a, an cika alƙawarin. An sake gina injin wasan, ƙarar bindiga da nauyinta suka zama abin misali, aka ba masu PlayStation, Xbox da kwamfuta damar karawa da juna, aka kuma daina sayar da sababbin filayen karawa daban, abin da a da ke raba masu wasa gida biyu. A Maris 2020 aka ɗora masa Warzone, wanda ake shiga kyauta, ya jawo miliyoyin mutane a watannin kullen annobar korona. Labarin ma yana da wurare masu ƙarfi. A wani sashe dakarun Ingila na kutsawa wani gida a unguwar Camden ta Landan cikin dare, ɗaki bayan ɗaki, mai wasa na da ƙiftawar ido ya tantance ko matar da ta zabura bindiga za ta ɗauko ko jariri. A wani sashen yana cikin jikin yarinya Farah Karim, tana ɓuya daga soja a gidansu bayan harin iskar guba.

Matsalar ta fito ne a inda labarin ya taɓa tarihi. An kafa shi a wata ƙirƙirarriyar ƙasa mai suna Urzikstan, wadda wani janar ɗan Rasha ya mamaye. A wani sashe ana gaya wa mai wasa cewa wata hanya ta sami sunan Hanyar Mutuwa ne saboda Rashawa sun yi mata luguden wuta, suka kashe mutanen da ke gudun tsira. Wannan suna yana da mai shi a tarihi. A daren 26 zuwa 27 ga Fabrairu 1991, jiragen ƙawancen da Amurka ke jagoranta sun afka wa ayarin sojojin Iraƙi da ke janyewa daga Kuwait a kan babbar hanya mai lamba 80 da ta nufi Basra. An lalata motoci fiye da dubu, hotunan wurin suka zagaya duniya, kuma a ranar 28 ga wata Shugaba George Bush na farko ya tsayar da yaƙin. Masu ginin wasan sun kare kansu da cewa ƙasar da labarin ƙirƙira ne. Rashawa da yawa ba su gamsu ba, suka cika shafukan sharhi da suka, kamfanin Sony kuma bai sayar da wasan a shagonsa na intanet a Rasha ba.

Adalci ya buƙaci a ce wasan bai wanke Yammacin duniya gaba ɗaya ba. Akwai inda Amurka ta juya wa Farah da mayaƙanta baya ta sanya su cikin jerin 'yan ta'adda, kuma wasan ya fito a watan da aka janye dakarun Amurka daga wasu sassan arewacin Siriya aka bar Kurdawa. Akwai kuma inda Kyaftin Price ke tilasta wa fursuna magana ta hanyar barazana ga matarsa da ɗansa. Sai dai labarin ya gabatar da wannan a matsayin ƙazantar da tilas wani ya taɓa domin duniya ta zauna lafiya, kuma sakamakon ya gaskata shi. Mugunta marar dalili kuwa, ta kisan fararen hula da azabtarwa, an jibga ta kusan duka a kan Rashawa da 'yan ta'adda. A 2007 mai wasa ya fita yana tambayar kansa. A 2019 an ba shi hoto mai tayar da hankali, aka haɗa masa da amsa mai kwantar da shi.

Wannan bambanci yana da nauyi saboda girman masu sauraro. Lokacin da Microsoft ya kammala sayen Activision Blizzard a Oktoban 2023 a kan kusan dala biliyan 69, Call of Duty ne ya fi ɗaukar hankalin hukumomin kula da gasar kasuwanci a Amurka, Ingila da Tarayyar Turai. Matashin da aka haifa bayan 1991 yana iya jin sunan Hanyar Mutuwa a karon farko daga wannan wasa, ya tashi da laifin a kan wanda bai aikata ba. Modern Warfare na 2019 ya gaji ƙwarewar ubansa da kasuwarsa, har ya zarce. Abin da ya bari a ƙasa shi ne ƙarfin halin nuna wa mai wasa ɓarnar ɓangarensa ba tare da neman wanda za a ɗora wa ita ba, kuma wannan ne ya sa har yau ake tuna mutuwar Saje Jackson.