Katanga, darni da iyaka: abin da ya kamata ka sani kafin ka kewaye gidanka

Da zarar damina ta ɗauke, aikin katanga ke tashi. Kara ya samu, magina sun dawo daga gona, ƴan uwa da ke Libiya, Aljeriya, Abijan ko Legas sun fara aiko kuɗi suna cewa a kewaye musu fili. A wannan lokacin ne kuma ƙarar iyaka ke yawa a ƙofar masu gari. Shi ya sa muka tattaro muku ƙa'idodin nan wuri guda, don mai gini a gida da mai aiko kuɗi daga nesa.

Wace doka ce ke kan filinka?

Nan ake fara ruɗewa, domin fili a Nijar ba iri ɗaya ba ne. Akwai filin birni da aka yi wa lotisma, aka yanka shi parsel-parsel, mairi ta ba da takarda, wani ma har ya yi titir fonsiye. Akwai kuma gidan ƙauye da aka gada kaka da kakanni, wanda shaidarsa dattawa ne da tsohuwar bishiya. Na farkon, rubutacciyar doka ce ke aiki a kansa, wato Kod Sibil da ƙasar ta gada daga Faransa da kuma dokokin tsara birane. Na biyun, idan aka je gaban alƙali, al'adar masu rigimar ake dubawa, tare da kundin dokokin karkara na ranar 2 ga Maris 1993, wanda ya ce mallakar al'ada da mallakar takarda duka doka na kare su.

A duka biyun, mai fili na da ikon ya kewaye filinsa. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya shiga na wani, ya ci hanya, ko ya rufe wa wani mafita.

Iyaka kafin tubali

A birni, iyakarka su ne turakun simintin nan da masu awo suka kafa a kusurwoyin parsel, waɗanda ake kira born. Idan rairayi ya binne su ko yara sun tumɓuke, kada ka ce wa magini ya ja igiya da ido. Ka je ofishin filaye na mairi da takardarka, a turo mai awo ya sake nuna maka. Doka ta ba kowane mai fili damar tilasta wa maƙwabcinsa a fitar da iyaka, kuma kuɗin aikin su biyu ke rabawa. Matsar da born da gangan kuwa laifi ne da ake hukuntawa. A ofishin nan ne kuma za a faɗa maka jerin da katangar gaba za ta bi da abin da ya shafi izinin gini, don ƙa'idar wannan unguwa ba lalle ta zama ta waccan ba.

Mu faɗa wa juna gaskiya: yawancin katangun da ake rushewa ba filin maƙwabci suka ci ba, hanya suka ci. Mutum ya ga layin yana da faɗi, sai ya ƙaro taku biyu, ya ce ai ba na kowa ba ne. To, na kowa ne. Hanya dukiyar jama'a ce, daɗewa a kanta ba ta mayar da ita taka, kuma ranar da aka zo haƙa magudanar ruwa ko kafa turakun lantarki, katangar ce za ta tafi, siminti da kuɗin magini su bi ta.

A ƙauye, inda babu born, hanya mafi kwanciyar hankali ita ce a kira maƙwabta na kowane ɓangare da mai gari tun kafin a haƙa ramin farko. Akwai kwamitin kula da filaye, Kofo: na ƙauye, Kofob, mai gari ke shugabanta, na komin shi ne Kofokom, sai kuma Kofodep, ƙarƙashin farfe. Ta hannunsu ake samun takardar shaidar mallakar gado, ta saye ko ta kyauta. Wanda ke waje, kafin ka aiko kuɗin siminti, ka ce a ɗauki hoton takardar a turo maka, ka ga sunan wa ke kanta. Ba rashin yarda da ɗan uwa ba ne. Filin gado da ba a raba ba, idan mutum ɗaya ya kewaye shi da kuɗinsa, katangar ba ta mayar da shi nasa, sai dai ta buɗe rigima.

Katangar tarayya

Wannan ita ce ta fi haɗa mutane faɗa. A rubutacciyar doka, katangar da ta raba gida biyu ana ɗaukarta ta tarayya ce, sai in akwai takarda ko alamar da ta nuna ta mutum ɗaya ce. In ta tarayya ce, gyaranta a kan ku biyu yake. Ɗaya na iya ƙara mata tsawo, amma da kuɗinsa, kuma shi ke kula da abin da ya ƙara. Ba mai huda ta ya yi taga sai da yardar ɗayan.

In kuwa maƙwabcinka ya riga ka ginawa, a cikin filinsa, da kuɗinsa, to tasa ce. Ba za ka zo kawai ka jingina ɗakinka ba. Doka ta ba ka mafita: ka biya shi rabin kuɗin katangar da rabin kuɗin ƙasar da take kai, ta zama ta ku biyu. Malamai kan tunatar da hadisin Abu Huraira da ya yi horo kada mutum ya hana maƙwabcinsa kafa itace a jikin katangarsa, kuma da yawa a nan da shi suke aiki, ba a karɓar ko dala. Madalla. Amma ko kyauta aka yi maka, a rubuta a gaban shaidu, don ku da kuka yi mutuncin ba ku ne za ku zauna a gidajen har abada ba. Magada ko wanda ya sayi gidan bai ji alkawarin ba.

Batun tsawo, al'adar wuri da ƙa'idar mairi ne a gaba. Mu dai a nan ma'aunin sananne ne: mai wucewa kada ya hango tsakar gida. Inda aka fi samun ƙorafi yanzu shi ne bene. Kod Sibil ya ce tagar da ke kallon gidan maƙwabci kai tsaye sai ta yi nisan mita 1 da santimita 90 daga iyaka, wadda ke kallonsa a kaikaice kuma santimita 60.

Ruwa, salga da bishiya

Ruwan rufinka, a filinka zai zuba ko a hanya, ba a gidan maƙwabci ba. Indararon da ke tsiyaya a gindin katangar laka ta wani, damina ɗaya ko biyu ya kayar da ita, kuma mun san katangar laka ba ta sallama kafin ta faɗi, yara kuwa a inuwarta suke wasa. Haka rariyar wanka da ramin salga: a janye su daga jikin katanga, danshi ke cin gindi.

Bishiyar da za ta wuce mita 2 a tsawo, a dasa ta mita 2 daga iyaka. Ƙananan tsirrai, rabin mita. Reshen da ya ƙetaro gidanka, mai bishiyar za ka sa ya sare. Saiwa ce kake da ikon datsewa da kanka daidai iyaka. Masu shingen aguwa ko dashi su lura, shinge mai rai yana tafiya: shekara goma sai ka ga ya ci rabin lungu.

Darni da dabbobi

Gidan da ke bakin gari sau da yawa yana maƙwabtaka da burtali ko hanyar rijiya. Dokar kiwo ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta hana toshe hanyoyin dabbobi, don haka darni ko waya ba sa shiga ciki, ko da burtalin ya yi wata da watanni ba a ga saniya ba. Mai lambun rani a bayan gida kuma, kewayewa a kansa take. In bai kewaye ba dabba ta shiga, da wuya ya samu diyya.

In rigima ta riga ta tashi

Kada ka rushe da hannunka, ko kana da gaskiya. A fara da mai unguwa ko mai gari, in ta faskara a je wurin sarkin kanto. Sarakunan gargajiya ikon sulhu doka ta ba su, ba na yanke hukunci ba, kuma ana rubuta takarda ko an daidaita ko ba a daidaita ba. Ka karɓi kofinka ka adana. A rigimar filin al'ada, takardar rashin daidaitawar nan ce alƙali zai fara tambayarka idan maganar ta kai kotu.