Shan Ruwa Ga 'Yan Tseren Keke A Yanayin Zafin Maiduguri

Tun da gwamnatin Borno ta hana hawa babur a Maiduguri a watan Yulin 2011, keke ya samu karɓuwa a unguwanni irin su Wulari. Mai zuwa kasuwa a kan keke yana iya tsayawa inuwa ya huta, amma ɗan tsere yakan shafe sa'a biyu ko uku yana taka feda babu sassauci. A garin da zafi ke haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos daga Maris zuwa Mayu, tsarin shan ruwa na cikin abubuwan da ke raba wanda zai kai ƙarshen tsere da wanda za a kwasa zuwa asibiti.

Abin da gumi ke ɗauka

Jiki yana sanyaya kansa ne ta hanyar gumi. Ɗan wasa yakan zubar da rabin lita zuwa lita 2 a sa'a ɗaya, wani ma fiye da haka, kuma gishiri na fita tare da ruwan. Idan asarar ta haura kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, wato kilo 1.4 ga mai kilo 70, ruwan jini yakan ragu, zuciya ta ƙara bugawa, ƙarfi ya ja baya. Iskar da ke bugun mai keke tana busar da gumi nan take, saboda haka ba ya ganin yawan abin da ya rasa. Wannan ya fi tsanani da hunturu, lokacin da iska ke bushe kuma sanyin safiya ke rage jin ƙishirwa.

Tarihin wasan yana da darasi a kan haka. A ranar 13 ga Yulin 1967, ɗan Ingila Tom Simpson ya faɗi ya mutu a kan dutsen Ventoux a gasar Tour de France, bayan da tsananin zafi da ƙarancin ruwa suka haɗu da barasa da ƙwayar ƙara kuzari a jikinsa.

Kafin tsere da lokacinsa

Masana lafiyar wasanni suna ba da shawarar shan mililita 5 zuwa 7 ga kowane kilo na nauyin jiki, kimanin sa'a huɗu kafin tashi. Ga mai kilo 70, wannan bai wuce ledar ruwa ɗaya ta mililita 500 ba. A kan hanya kuwa, mililita 400 zuwa 800 a sa'a yana wadatar da yawancin 'yan wasa, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan bayan kowane minti 15 ko 20.

Idan tseren bai kai sa'a ɗaya ba, ruwa zalla ya isa. Idan ya wuce haka, jiki na buƙatar gishiri da abinci mai ba da kuzari, giram 30 zuwa 60 a sa'a. Dabino da ayaba suna biyan wannan buƙata, haka kuma ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Tsaftar ruwan ba abin wasa ba ce, musamman ga garin da ya ga ɓarkewar kwalara bayan ambaliyar dam ɗin Alau ta Satumbar 2024.

Yadda ake gane adadin da ya dace

Kowane jiki da irin guminsa. Ɗan tsere ya hau sikeli kafin atisaye da bayansa. Kowane kilo da ya ragu daidai yake da kusan lita ɗaya. Wanda ya sha lita ɗaya cikin sa'a biyu, kuma ya ragu da kilo ɗaya, yana zubar da lita ɗaya ke nan a sa'a. Bayan an sauka, a mayar da kusan lita ɗaya da rabi ga kowane kilo, a hankali, tare da abinci. Fitsari mai haske alama ce ta wadatar ruwa, mai duhu kuma gargaɗi ne.

Haɗari ta fuska biyu

Wuce gona da iri ma yana da illa. Ɗirkar ruwa zalla fiye da abin da jiki ya zubar yana tsinka gishirin jini, ya jawo ciwon kai, amai da ruɗewa, wani lokaci har mutuwa. Wanda nauyinsa ya ƙaru bayan tsere ya sha fiye da kima.

Wanda kuma ya fara tangaɗi ko sambatu a cikin zafi, a tsayar da shi, a kai shi inuwa, a kwara masa ruwan sanyi, a garzaya da shi asibiti. Kada a ɗura masa ruwa idan ba ya cikin hayyacinsa.

Baƙon da zai yi gasa a irin wannan yanayi yana buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin jikinsa ya saba. A watan azumi kuwa, ya fi dacewa a mayar da atisaye mai nauyi zuwa bayan buɗa-baki, a kuma rarraba shan ruwa daga magariba har zuwa sahur.